Ku Tambayi Anti: Wai ina ruwan mace da siyasar duniya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin nan saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar mata da harkar ƙasa da ƙasa, toh sai nace bari in haɗa su wuri guda in amsa iya abinda fili ya ɗauka. Masu tambayar aure da rabon gado ku yi min haƙuri sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Salam Anti, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce a nan Marwa ina karanta kimiyyar siyasa shekara ta biyu, malaminmu ya ba mu aiki akan ra'ayoyin feminizim, wato na masu fafutukar haƙƙin mata, a hulɗar ƙasa da ƙasa, wlh na karanta takardun da Faransanci har kaina ya ɗau zafi ban gane komai ba. Ni dai abinda na sani harkar ƙasa da ƙasa ta shugabanni ce da sojoji da jakadu, to ta ina mace ta shigo ciki? Dan Allah ki warware min da Hausa. Ƙanwarki daga Domayo.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Wannan abin da kika ce kin sani ai shi aka yi kusan shekara saba'in ana koyarwa, don haka ba laifinki bane. Shi fannin nan na hulɗar ƙasa da ƙasa a 1919 aka fara ba shi kujerar farfesa ta kansa a wata jami'a a garin Aberystwyth na Birtaniya, bayan yaƙin duniya na farko, damuwarsu kuma ɗaya ce, me ke kawo yaƙi tsakanin ƙasashe kuma ya za a hana shi. Bayan yaƙi na biyu sai masu ra'ayin ƙarfi suka mamaye fagen, babbansu Hans Morgenthau da littafinsa na 1948. Su a wurinsu duniya zaman kashin dankali ce, babu sarki a saman ƙasashe, kowa tasa ta fisshe shi, abin lissafi kawai bindiga nawa gare ka, kuɗi nawa, wa ke tsaya maka.

Sai a 1989 wata malamar jami'a 'yar Amurka mai suna Cynthia Enloe ta fitar da littafi, in aka juya sunansa da Hausa zai zama Ayaba, Bakin Teku da Barikin Soja, ta yi wata tambaya da ko yaro zai iya yi: to ina matan suke? Ta bi sawu kuwa ta same su. Ta same su a gefen barikokin sojan Amurka a Filifin suna wanki suna zaman kansu, ta same su a kamfanonin ayaba ana biyan su ɗan abinda bai taka kara ya karya ba, ga matan jakadu da ke shirya walimar da ake ƙulla yarjejeniya a cikinta ba ko sisin albashi, ga 'yan aikatau da ke ƙasashen waje suna turo kuɗi gida gwamnatinsu na samun kuɗin waje da guminsu. Tace duk wannan ginin da kuke kira siyasar duniya a kan wuyan matan nan yake zaune, in suka janye zai girgiza, amma ba wanda ya taɓa sa su a lissafi.

Ki ɗauki tambayar nan tata ki kai ta gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Njamaina. Na tsaya a wajen da sassafe lokacin da za ni wani biki, a gabana akwai wata mata da goyo, ta ɗauro daro cike da tumatir da attarugu, katin shaidarta ta naɗe shi cikin leda ta ƙulle a bakin zani saboda sau nawa za a ce ta nuna kafin ta kai kasuwa, kuma tun kan mu ƙarasa ta gaya min wane shinge ne ake wucewa da gaisuwa kawai, wanne ne sai an miƙa wani abu. Matar nan kullum sai ta tsallaka iyakar ƙasa sau biyu, abinda wani jakadan ba ya yi a wata guda. Ranar da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2020 lokacin korona, manya a Yawunde da Njamaina sanarwa kawai suka sa wa hannu, ita kuwa tukunyarta ce ta daina hawa murhu. Toh ki gaya min, harkar ƙasa da ƙasa ta shafe ta ko bata shafe ta ba?

Ta biyun da lallai ki sa a aikinki ita ce Ann Tickner. A 1988 ta ɗauki ƙa'idoji shida na Morgenthau ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta nuna cewa abinda ya kira halin ɗan Adam, wato son mulki da rashin yarda da kowa, halin da ake yaba wa namiji ne kawai ya ɗauka ya shafa wa duniya duka, a 1992 kuma ta faɗaɗa maganar a littafi. Babbar tambayarta akan kalmar tsaro ce. In an ce tsaro, tsaron wa? A takarda ƙasa tana cikin tsaro in ba wata ƙasar da ta keto mata iyaka. Amma matar Kolofata da ta yi shekaru in magariba ta yi sai ta kwashi yara su kwana a daji, ko ta sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo wanda aka buɗe tun 2013, da in ta fita neman itace gabanta na faɗuwa har ta dawo, wane tsaro take ciki? A watan Disambar 2021 da rikicin ruwa ya ɓarke tsakanin masunta da makiyaya a Logon Birni har ya iso Kusiri, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi, mafi yawansu mata da yara. Ba ƙasar da ta kai wa wata hari, amma ga 'yan gudun hijira a ƙasar wasu. Tickner cewa take yunwa da duka a cikin gida da ƙafewar ruwa duk a sa su cikin ma'anar tsaro, kuma a tambayi wanda abin ke ci, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni kaina da wannan idon na fahimci abinda ya same mu ina yarinya a Garwa. A 1993 aka zabge albashin ma'aikatan gwamnatin Kamaru har sau biyu, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. A Dakar aka yi zaman, da shugabanni da mutanen asusun lamuni na duniya. A gidanmu kuwa abinda na gani shine Inna ta sauke kwanukan jerenta na samira da ta yi shekaru tana tarawa, ta goge su tas, dillaliya ta zo ta kwashe, da kuɗin aka biya mana lakwal aka sayi buhun masara, daga nan ta fara tashi kafin asuba tana suyar ƙosai. Littattafan tattalin arziki za su ce miki an yi gyara kuma gyaran ya yi aiki. Kwanukan Inna ba su shiga lissafin kowa ba, irinta kuma ba su ƙirguwa.

Sannan ki sani su kansu masu ra'ayin feminizim ɗin nan bakinsu ba ɗaya bane, nan ne ɗalibai ke ruɗewa. Akwai masu cewa matsalar kujera ce, a ƙara mata a majalisa da ofishin jakadanci da teburin sulhu shikenan. Su Tickner suka ce ko kin cika ɗakin da mata in tunanin bai sauya ba aikin banza ne. Wasu kuma harshe suka sa wa ido, kamar Carol Cohn da ta zauna cikin masanan makaman nukiliya na Amurka ta rubuta a 1987 yadda suke maganar "bam mai tsafta" da wasu kalmomi masu santsi da ke sa mutum ya manta naman mutane ake ƙonawa, wanda duk ya ambaci gawa sai a ga kamar ya yi rauni irin na mata. Ga kuma su Chandra Mohanty 'yar Indiya da tun 1984 ta juya ta fuskanci matan Turawa kansu tace ku daina zana mu a matsayin abin tausayi guda ɗaya, mu ma muna da tarihi da baki. In kin rubuta aikinki ki jero waɗannan, amma ki buɗe shi da mace ɗaya da kika sani a unguwarku.

Tambaya: 'Yata, ni dattijo ne ɗan kasuwa a Garwa, jikana ke karanta min shafin nan naki kuma ina jin daɗinsa. Amma wannan feminizim da nake ji a bakin yaran zamani, a sanina aƙidar Turawa ce da aka kawo don a raba mace da mijinta a lalata tarbiyya. Musulunci ya riga ya ba mace haƙƙinta tun shekara dubu da ɗari huɗu. Ina roƙonki kar ki ba ta fili.

Amsa: Baba Alhaji, ina gaisuwa tare da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida min jikan naka. Tsoron da kake ji ruwa ne da bai yi tsami banza ba, kuma zan fara da inda nake tare da kai. A 1958 a Aljeriya Turawan mulkin mallakar Faransa sun tara mata a fili ana cire musu lulluɓi a gaban jama'a wai an 'yanta su, a daidai lokacin da sojojinsu ke azabtar da mazajen matan da 'ya'yansu da su matan kansu. A Nuwamban 2001 uwargidan shugaban Amurka Laura Bush ta yi jawabi a rediyo ta haɗa yaƙin Afganistan da ceton mata, aka yi shekara ashirin ana ruwan wuta, a 2021 suka tattara suka tafi suka bar matan. Saboda haka in wani ya zo da jirgin yaƙi yace don 'yarka ya zo, Baba, ka ƙara riƙe ta. Sai dai waɗanda suka fi kowa tona asirin wannan yaudarar mata ne daga cikin fagen nan da kake so in rufe wa ƙofa, irin su Lila Abu-Lughod da ta yi rubutu a 2002 tana tambaya wai da gaske matan Musulmi ceto suke jira.

Ni ba komai nake ɗauka ba, akwai abubuwan da wasunsu ke kira a kai da suka saɓa wa addinina kuma na bar musu kayansu. Amma ita tambayar, wato shin mace na da ta cewa a maganar yaƙi da sulhu, a gidanmu na fara jin ta kafin in ji ta a wani littafin Bature. Ranar buɗe Makka Ummu Hani ta ba wani mutum mafaka, ɗan'uwanta Sayyidina Aliyu yana son kashe shi, ta je ta gaya wa Manzon Allah (SAW), yace mun ba da mafaka ga wanda kika ba mafaka. Baba ka duba, mace ɗaya ta ba da aminci a ranar yaƙi kuma ya hau kan rundunar duka. A Hudaibiyya da sahabbai suka ji nauyin sharuɗɗan sulhun har suka yi jinkirin yanka da aski, shawarar Uwar Muminai Ummu Salama ce ta warware lamarin, tace ya fita kar ya yi wa kowa magana ya yanka hadayarsa ya yi aski, da suka gani kuwa suka tashi suka bi. A Suratun Namli ga sarauniyar Saba, fadawanta na cewa mu masu ƙarfi ne masu tsananin yaƙi, ita kuma tace sarakuna in sun shiga gari ɓata shi suke yi su mayar da masu darajarsa ƙasƙantattu, bari in aika da kyauta in gani. Maganar ko mace za ta riƙe shugabancin ƙasa kuwa fagen malamai ne, na bar musu.

A nan kusa ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, bayan yaƙe-yaƙen jihadi sun bar zawarawa da marayu da waɗanda aka kamo, ita ce ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis, wato mata jagorori, da malfa suna bin ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci. Wannan aikin ɗinke al'umma bayan yaƙi shi ne yau ake zuwa daga Turai a koya mana a otal. Akwai ma wata malama 'yar Najeriya, Obioma Nnaemeka, da tace feminizim ɗin matan Afirka na sasanci ne, ba-ni-in-ba-ka, ba na ture namiji ba.

Abu ɗaya zan roƙe ka ka tuna, Baba. A 2015 bayan bama-baman Njamaina na watan Yuni da na Fotokol a Yuli, an hana sa niƙabi a Chadi da kuma jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Ban ce ba dalili ba, duk mun san Boko Haram sun ɗaura wa 'yan mata ƙanana bam, har wani namijin ma ya ɓuya cikin shigar mata. Amma ka lura, masu ɗaura bam ɗin a jikin mace suka yi yaƙinsu, masu hanawa ma a jikinta suka kafa dokarsu, ita ce ake tsayarwa a ƙofar kasuwa ana lalube, wata ta daina fita kwata-kwata sana'arta ta mutu. Da an zauna da matan an ji ta bakinsu da an samu hanyar da za a tsare rai a kuma tsare mutunci, ko da sa mata ne su riƙa binciken 'yan'uwansu a keɓe tun ranar farko. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Iya abinda nake ba wa fili kenan.

Tambaya: Anti ni ɗan acaɓa ne a Ngaundere, muna musu a tasha. Wani yace da mata ke mulkin duniya da ba a yi yaƙi ba, ni kuma nace ƙarya ne. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Ƙanena kai ka fi kusa da gaskiya. Indira Gandhi ta yi yaƙi da Pakistan a 1971, Golda Meir ce ke kan mulkin Isra'ila a yaƙin 1973, Margaret Thatcher ta tura jiragen ruwa yaƙi da Ajantina a 1982. Madeleine Albright kuwa a 1996 da aka tambaye ta a talabijin akan yaran Iraƙi da takunkumi ya kashe, cewa ta yi a ganinsu ribar ta kai a biya wannan farashin, daga baya ta ce ta yi nadamar maganar. Yawancin masanan da na ambata a sama ba su yarda cewa an halicci mace da zaman lafiya namiji da faɗa ba, suna ma ganin wannan maganar ce ake fakewa da ita a ce mata ba za su iya riƙe harkar tsaro ba. Abinda suke dubawa shine yadda aka gina kujerar, in sai ka nuna ba ka da tausayi sannan a ce ka isa, toh duk wanda ya hau, mace ko namiji, haka zai yi. Kuma kai ma abin ya shafe ka, don wannan tunanin ne ke ce wa saurayi mara aiki ba ka cika namiji ba sai ka riƙe bindiga ka samu kuɗin aure, da shi aka ja yara da yawa cikin daji.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Ina cikin wata ƙungiyar mata a Njamaina, shekara da shekaru ana kiran mu taro akan ƙuduri 1325, a ba mu ruwan gora da 'yar jaka da kuɗin mota, a ɗauki hoto a watse. Da aka zo zaman sulhu na gaske kuwa ba a neman mu. Ni fa na gaji. Wai akwai abinda wannan surutun ya taɓa canzawa?

Amsa: 'Yar'uwa na ji gajiyarki har cikin raina, kuma ba ke kaɗai ba ce. Ga waɗanda basu sani ba, 1325 ƙuduri ne da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ranar 31 ga Oktoba 2000, yana cewa a sa mata cikin hana rikici da zaman sulhu kuma a kare su lokacin yaƙi. Mutane na ɗauka kayan Turawa ne, alhali Namibiya ce ke shugabancin kwamitin a watan, ministar harkokin matanta ta lokacin kuma, Netumbo Nandi-Ndaitwah, ita ce ta zama shugabar ƙasar a 2025. Kamaru ta fitar da nata tsarin aiwatarwa a 2017, Chadi a 2023. Takarda kam akwai. Abinda kike kuka da shi gaskiya ne, sau da yawa kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, matan ƙauye su yi aikin sasanta makiyayi da manomi, rahoton kuma ya fita da sunan wani ofis. Su ma manyan ƙasashen abin nasu na tafiya da iskar siyasa, Suwidin ce ta fara shelar manufar harkokin waje ta feminizim a 2014 zamanin minista Margot Wallström, da gwamnati ta sauya a 2022 aka ajiye sunan.

Amma in kika ce ba abinda ya canza, zan ce miki ki waiwaya cikin garinku. Hissène Habré ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, Amurka da Faransa na mara masa baya saboda yana yaƙar Gaddafi, kinga lissafin masu ra'ayin ƙarfi kenan, abokin da ke tare maka maƙiyi ba ka tambayar me yake yi a kurkukunsa. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe. Lauyar da ta tsaya wa waɗanda aka zalunta mace ce, Jacqueline Moudeina, a watan Yunin 2001 aka jefa mata gurneti a wajen wata zanga-zangar mata a gaban ofishin jakadancin Faransa a nan Njamaina, ta daɗe tana jinya a waje, ta dawo ta ci gaba da shari'ar. Da aka fara zaman kotun musamman ta Afirka a Dakar a Yulin 2015, takardar tuhumar bata ɗauki fyaɗe a matsayin laifi mai zaman kansa ba. Sai matan suka zo. Mata da suka riga suka manyanta, masu 'ya'ya da jikoki, suka tsaya a gaban alƙalai da kyamara, shi yana zaune da rawaninsa da baƙin gilashi bai ce uffan ba, suka faɗi yadda aka kwashe su aka kai barikin Wadi Dum cikin hamada suna yi wa sojoji wanki da girki da rana, da dare a yi musu abinda baki ba ya son faɗa. Ɗaya ta dube shi tace shi da kansa ya yi mata. Ke kin san al'adarmu, kin san nauyin wannan maganar a bakin mace, kin san abinda za ta tarar in ta koma unguwa.

Ranar 30 ga Mayu 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, cikin laifukan har da fyaɗe da bautar da mata. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta cire tuhumar da ta shafe shi shi kansa saboda an shigo da ita a makare, ba don ta ƙaryata matar ba, ta kuma tabbatar da sauran hukuncin da diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396. Ya mutu a Dakar a 2021, masu diyya kuma aka bar su shekaru suna jira, wasu har suka rasu, wannan ma abin kuka ne. Amma shekara talatin kafin nan ko a mafarki ba a kawo irin wannan shari'ar, ana ɗaukar abinda ake wa mata a yaƙi kamar ƙurar da ke bin rundunar doki. Hanyar ta buɗe ne tun 1998 a kotun Ruwanda da ke Arusha, a shari'ar wani magajin gari Akayesu, inda aka fara yanke cewa fyaɗe na iya zama kisan ƙare dangi, kuma mace ɗaya tilo a cikin alƙalan ukun, Navi Pillay, na cikin waɗanda suka matsa wa shaidu da tambaya har maganar ta fito.

Maganar ba a neman ku kuwa, matan Laberiya ma ba a neme su ba. A 2003 Musulmi da Kirista suka sa fararen kaya suka zauna a rana, su Leymah Gbowee suka bi masu yaƙi har Akara, da suka ga an yi makonni ana cin abincin otal ba a cimma komai ba suka zauna a bakin ƙofar zauren suka ce ba mai fita, a watan Agusta aka sa hannu. A Kamaru ma mata sama da dubu daga jihohi goma sun haɗu a Yawunde a Yulin 2021 suka yi babban taron zaman lafiya, ciki har da Marthe Wandou 'yar Kaele. Shawarata, duk taron da aka kira ku ku tambaya tun kafin ku je, wa zai karɓi abinda muka faɗa, yaushe za a dawo mana da amsa, nawa aka ware. Chadi na da dokar 2018 da ta ba mata kashi 30 cikin ɗari na muƙaman naɗi da na zaɓe, ku riƙe ta a hannu kuna ƙirgawa duk lokacin da aka fitar da sunayen wata tawaga. Kuma dan Allah ku leƙa gabas, matan Sudan da ke kwararowa Adre tun Afrilun 2023 suna ɗauke da irin labarin matan Wadi Dum, a samu masu rubuta shi yanzu da izininsu da sirrinsu, don ranar da za a buƙace shi a kotu.

Tambaya: Anti 'yata ta gama bakaloriya tace ita jakadiya take so ta zama, babanta na ganin aikin yawo ne bai dace da 'ya mace ba. Ni kuma ban san ma ta ina ake farawa ba. Uwa daga Kusiri.

Amsa: Maman yarinya, Allah ya raya mana ita. Ta fara yin digirin farko, lisans, a fannin shari'a ko siyasa ko tattalin arziki ko tarihi, ga jami'a a Marwa da Ngaundere da Garwa ba sai ta yi nisa ba tukuna. Bayan nan akwai makarantar hulɗar ƙasa da ƙasa ta IRIC a Yawunde, da jarrabawar konkur ake shiga, kuma har 'yan wasu ƙasashen Afirka na zuwa. Ta dage da Faransanci da Ingilishi, kar kuma ta raina Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa da ta tashi da su a Kusiri, don hedikwatar hukumar tafkin Chadi da ta rundunar haɗin gwiwar yankin duk suna nan tsallaken kogi a Njamaina, kuma masu jin harshen mutanen da ake aiki dominsu ba su da yawa a irin ofisoshin nan.

Shi kuma babanta kar ki yi masa gardama a gaban yara. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance ki nuna masa Amina Mohammed, 'yar Gombe, mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, da ɗankwalinta da 'ya'yanta. In akwai wani kawu ko malami da yake jin maganarsa a sa shi ciki, kuma a yi masa bayani dalla-dalla inda za ta zauna a Yawunde da wanda zai riƙa duba ta, don yawanci abinda ke damun uba kenan ko bai faɗa ba. Shekara uku na lisans ɗin ma sun isa ya ga kamun ludayinta.